Velma Mai Ciyar da Wulbarin

Shekara talatin da ɗaya Velma Rostad ta yi tana dafa wa 'yan firamaren Tolvan abincin rana, a can tsakiyar Alaska. Ranar da ta ajiye aiki aka yi mata walima, aka ba ta kujerar lilo da bargo mai laushi, aka ce ta je ta huta. Ta kuwa huta, har kwana goma sha tara. A na ashirin ta sake wanke labulayen da ta wanke shekaranjiya, ta jera gwangwanayen kicin daga dogo zuwa gajere, sannan ta tsaya a tsakar ɗaki ta riƙe ƙugu, ta rasa wanda za ta yi wa tsawa.

A haka Orrin ya same ta. Ƙanin marigayi mijinta ne, mai walda, tuzuru ɗan shekara sittin, wanda kullum hantsi sai ya biyo ya sha kofi ya ci burodinta, kuma bai taɓa cewa ya yi daɗi ba.

"Matar yaya, kin fara yi wa kujeru faɗa," in ji shi. "Tun daga bakin hanya nake jiyo ki."

"Da kujerar nake, ko da ƙaton da ke zama a kanta yana cinye min burodi?"

Ya yanki na biyu, ya shafa man shanu, sannan ya ce a gandun dabbobin bayan gari ana neman mai yankan nama. Wuri ne da ake ajiye namun dajin da suka ji rauni ko suka rasa iyaye, waɗanda ba za su iya komawa daji ba. Shi ke yi musu aikin shinge. Bai gama bayani ba ta riga ta ɗauko wuƙaƙenta ta naɗe su a tawul.

Mai kula da gandun, Likita Nadine Kessler, doguwa ce siririya mai magana a hankali. Ta dubi Velma, gajera mai ƙiba da furfura, ta ga kamar ya kamata ta yi mata gargaɗi.

"Inna, aikin nan akwai wari, akwai sanyi, kuma masu cin abincin ba sa godiya."

"Likita, yara ɗari da arba'in nake ciyarwa kullum. Wanne ne sabo a cikin ukun?"

A ranar ta fara. Wata shida tana datsa nama da kifi wa mikiya biyu, da mujiya mai fiffike ɗaya, da wani tsohon beyar da ba ya son karas. Sai ga jami'an daji sun iso da akwatin ƙarfe a bayan mota, akwatin yana girgiza, yana fitar da wani gurnani kamar injin da ya ƙi tashi. Tun kafin a sauke shi warin ya gaya wa Velma ko mene ne a ciki.

Ta san wulbarin, wannan dabbar dajin ƙanƙara mai cin nama, tun tana amarya, kuma ba sanin arziki ba. Mijinta Arvid mai ɗana tarko ne a lokacin sanyi, yana da bukkar katako a cikin daji, tafiyar yini biyu. Sau nawa ya dawo yana zage-zage, wai wulbarin ta bi sawunsa tarko bayan tarko ta cinye abin da ya kama. Wata shekara ma ta fasa rufin bukkar ta shiga, ta ci abin da za ta iya ci, ta fesa wa sauran ruwan warin nan nata don kada wani ya mora, ta kuma tafi da murfin tukunya, wanda har Arvid ya bar duniya bai gane amfanin da zai yi mata ba. Abu ɗaya Velma ta yarda da shi a jikin dabbar, wato gashinta. Shi ake ɗinkawa a bakin hular rigar sanyi, don in numfashi ya daskare a kansa, kakkaɓewa ɗaya ƙanƙarar ta zube.

Da aka buɗe akwatin, abin da ya fito bai kai kare matsakaici ba. Baƙa-baƙa ce, da ratsi ruwan zuma daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya ta kowane gefe, gajerun ƙafafu, tafin ƙafa faffaɗa kamar faranti, fuska kamar ta ɗan beyar. Dangin dage ce, ga wanda ya san dage, kuma zuciyar ma iri ɗaya. Wani mai haƙar zinariya ne ya tsince ta tana jaririya, ya raine ta da madarar gwangwani, har ta girma ta yayyaga masa katifa ta koyi buɗe firji. Ta saba da mutane, in aka sake ta gidaje za ta nufa, wani ya harbe ta.

Dabbar ta zagaya, ta shinshina, ta zo ta tsaya gaban Velma ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Mabel," in ji Velma.

"Wace ce Mabel?" Likita ta tambaya.

"Shugabar makarantarmu ta farko. Haka take kallona in ta tsinci gashi a miya."

Orrin ne ya gina wa sabuwar Mabel ɗin keji, fili mai faɗi da itatuwa uku a ciki, da ragar ƙarfe mai kauri. Da ya gama ya bubbuga ragar da guduma ya ce ko shaiɗan ne a ciki sai ya nemi izini kafin ya fita. Washegari da safe Velma ta buɗe ɗakin ajiyar nama ta tarar da Mabel kwance a kan cinyar barewa, ciki ya yi tim, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ƙarƙashin shingen ta haƙa.

"Ƙanin miji, shaiɗan ya gaishe ka," in ji Velma da ya iso. "Ya ce bai ga wanda zai nemi izinin a wurinsa ba."

Orrin ya haƙa rami ya binne ragar har tsayin ƙirjinsa a cikin ƙasa. Bayan mako guda aka ga Mabel a kan motar Likita tana taunar robar goge gilashi. Ta sama ta bi. Ya lanƙwasa saman shingen ya mayar da shi ciki, ya sare reshen da ya yi kusa, ya ce to yanzu kam sai dai ta yi fiffike. Ba ta yi fiffike ba. Zama ta yi kwana da kwanaki tana kallon hannun Velma duk lokacin da take zare sakata. Wata rana Velma tana tura baro zuwa wajen mikiya, ta ji kamar ana bin ta, ta waiwaya, sai ga Mabel a bayanta tana tafe tiƙis-tiƙis kamar an aiko ta rakiya.

Velma ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki kan kifi daga baron, ta juya, ta taka a hankali zuwa kejin, ta jefa shi ciki, Mabel ta bi, ta mayar da ƙofa. Sai da ta ji ƙarar sakatar sannan ta zauna a kan dusar ƙanƙara. Daga ranar aka sa kwaɗo biyu da ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai an kulle ta waje. Orrin ya yi mako bai zo shan kofi ba.

Da hanyar fita ta toshe, sai wata damuwar ta ɓullo. Mabel ta shiga kai da komo a jikin shinge, daga wannan kusurwa zuwa waccan, tun safe har yamma, har ƙafarta ta fitar da hanya. Abinci kuwa minti biyu ta lamushe ta koma sintiri. Likita ta ce ba mamaki. A daji wulbarin takan yi tafiyar mil ashirin a yini, ta haye dutse ta gangara, ita kaɗai, tana neman mushen da sanyi ya kashe ko wanda kyarketai suka bari. Faɗin tafin ƙafar nan shi ke hana ta nutsewa a inda barewa ke lumewa har ciki.

"To mun ɗauko mai tafiyar mil ashirin mun ajiye mata abinci a kwano," in ji Velma. "Na san ciwon nan. Ranar da sanyi ya hana yara fita tara, haka suke yi min a ɗakin cin abinci. Maganinsu a gajiyar da su."

Ta jefar da kwanon. Kowace safiya sai ta kulle Mabel a ɗan ɗakin gefe, ta shiga filin da shebur. Ta binne nama a cikin ƙanƙara har zurfin ƙugunta, ta cusa wani cikin kogon icce, ta danne wani da dutse. Mafarauta suka riƙa kawo mata ƙafafu da kawunan da ba sa so, ta sa Orrin ya rataye ƙafar mus, ƙaton naman dajin nan mai faffaɗan ƙaho, a can saman bishiya. Tana daskarar da kifi a cikin bokitin ruwa ta juye mata dunƙulen. Mabel takan fito ta ɗaga hanci, ta nufi daidai inda aka yi binnen kamar da ita aka yi, ta haƙa ƙanƙara na tashi ta bayanta. Ƙashin cinyar da Velma sai da zarto take raba shi, ita ƙarasa shi take yi ƙurus-ƙurus har ɓargo. Likita ta ɗauko wani ƙoƙon kai daga kabad ta nuna mata haƙorin ƙarshe na sama, wanda ya juya a karkace ya kalli ciki, ta ce da shi suke farfasa daskararren nama da ƙashi. Cikin wata guda dusar ƙanƙara ta fara rufe hanyar sintirin.

Akwai abin da Velma ta koya da ƙyar, don ya saɓa wa duk tarbiyyarta. Mabel ba ta cinye komai a take, sai ta ɗauki saura ta kai wani lungu ta binne. Velma kuwa, mace mai tsabta, sai ta bi ta tone ta zubar. Duk ranar da ta yi haka Mabel takan wuni tana gurnani tana fesa wari a kowane icce.

"Inna, rumbunta kike kwashewa," in ji Likita. "A daji da wannan ajiyar suke kai wa bazara. Ƙanƙara ce firjinsu."

Velma ta tuna yadda take ji in Orrin ya buɗe mata firji ba sallama. Daga nan ta bar tonon, sai wanda ya fara ruɓa in zafi ya shigo.

Zafin ma aiki ne. Rigar da ke hana dabba jin sanyin da ke fasa icce, ita ke neman kashe ta a watan Yuli. Velma ta sa mai motar share hanya ya tara mata tulin dusar ƙanƙara a inuwa kafin ta narke, ta lulluɓe shi da garin katako, ta riƙa ɗiba da baro tana kai wa Mabel. Tana haɗa mata ƙanƙarar jini da 'ya'yan itacen daji. Orrin ya leƙa firji wata rana ya ga abin ja-ja a kofi, ya ɗauka na mutane ne, ya kai baki. Velma tana kallo, ta ƙyale shi sai da ya lasa.

A shekara ta uku sabo ya yi yawa. Mabel takan jingina da raga, Velma ta zura yatsu ta sosa mata bayan kunne, ko da yake Likita ta hana. Ranar da abin ya faru Velma ta gama gyaran kifi ba ta wanke hannu ba. Ba fushi, ba gurnani, ƙyat ɗaya kawai ta ji, ta janye hannu ta ga kan ƙaramin yatsanta na hagu babu. Ta naɗe shi da gefen riga, ta kulle ƙofofi biyun tsaf, ta je ta sami Likita ta ce a kai ta asibiti in ba damuwa.

Orrin ya same ta a can, fuskarsa ta yi fari fat. Da ya ga tana zaune tana yi wa nas gyaran yadda ake naɗa bandeji, sai ransa ya dawo.

"Me Mabel ta ce, matar yaya? Gishiri ya ji?"

"Ta ce na fi burodin da kake ci kyauta daɗi." Ta dubi bandejin. "Kada wanda ya taɓa ta, Orrin. Hannu mai warin kifi na miƙa mata. Ni ce na manta ko wace ce ita."

Abin ya dame ta fiye da yadda ta nuna, don ta ɗauka akwai wata amana a tsakaninsu. Ta koma aiki bayan kwana goma da dogon matsefin ƙarfe na yi wa Mabel susa, ba ta ƙara zura yatsa ba. Da matsefin da guntayen hanta ta koya wa Mabel hawa sikeli, da buɗe baki a duba haƙora, da miƙa ƙafa ta jikin raga, har ya zama ba sai an yi mata allurar barci ba in za a duba lafiyarta. Likita ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi haka da wulbarin ba.

Shekarar da ta biyo baya aka aiko da namiji daga wani gidan dabbobi na kudu, ƙato mai kilo goma sha shida, ana ce masa Gwamna. Aka ajiye shi a kejin da ke maƙwabtaka wata biyu suna zagin juna ta raga. A watan Yuni aka buɗe ƙofar tsakani. Ihun da ya tashi ya sa mai kawo wasiƙu ya tsaya a bakin hanya yana tambaya ko a kira 'yan sanda. Suka yi kokawa, suka yi birgima, suka bi juna sama da ƙasa, kwana uku, sannan Mabel ta kore shi ya koma kejinsa da yagaggen kunne.

Velma ta zuba ido. Yuli ya wuce, Agusta, Satumba, ciki shiru.

"Likita, Gwamnan nan fa sai suna."

Likita ta yi dariya ta ce a yi masa haƙuri. Ita wulbarin, in ta ɗauka, sai abin ya kwanta a jikinta bai girma ba har tsakiyar sanyi. In jikin ya ga akwai ƙiba da abinci sai ya ci gaba, in babu ya fasa.

"Wato ita ke zaɓar lokacin da ya yi mata," in ji Velma, wadda ta haifi huɗu a cikin shekara biyar. "Ikon Allah. Mu aka bari a baya."

Ta ƙara mata kitse da hanta, ta sa aka tara dusar ƙanƙara a kan wasu gungumen itace har ta fi tsayin mutum. A tsakiyar Fabrairu Mabel ta haƙa rami a cikin tulin ta shige, ba a ƙara ganinta ba. Naman da Velma ke ajiyewa a bakin ramin dai yana ɓacewa. Ta kewaye wajen da igiya, ta hana Orrin kunna injin walda, ta hana kowa wucewa, ita ma sau ɗaya take zuwa a yini, ba magana. Uwa in ta ji motsin da bai yi mata ba, takan kwashe 'ya'yan ta fita da su cikin sanyi, ko ta watsar da su.

A mako na uku shugaban kwamitin gandun, Mista Voss, ya zo da mai ɗaukar hoto. Ya ji an ce 'ya'yan wulbarin farare tas ake haifarsu, yana son hoton ya shiga jarida. Ya tarar da baro a gicciye a kan hanya, da Velma a bayansa.

"Baiwar Allah, minti biyu kawai. Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai ne Leland Voss da ke ɓoye wake a aljihun wando don kada in sa ka cinye. Ba za ka wuce ba."

Mai hoton ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Mista Voss ya gyara hula, ya ce dama shi ma yana ganin bai kamata a dame ta ba, ya koma mota.

Ita kanta Velma ba ta taɓa ganinsu farare ba, kuma har yau in ta tuna takan ce da ta so. Sai ƙarshen Afrilu, wata safiya tana ajiye nama, ta ga ɗan hanci ya leƙo daga ramin, wani ya turo shi daga baya, suka gangaro tare suna birgima, sun riga sun yi duhu, kowanne da ɗan ratsinsa. Mabel ta fito bayansu a rame, ta harari Velma, ta ɗauki naman. Velma ta tsaya da bokiti a hannu tana hawaye, da Orrin ya tambaye ta daga baya ta ce iska ce. Da tulin ya narke a watan Mayu suka ga gawar na uku a can ƙuryar ramin, ɗan mitsitsi, bai yi kwanaki ba. Velma ta binne shi a gindin bishiya ba ta gaya wa baƙi ba.

'Ya'yan biyu, mace da namiji, suka shekara suna yaga duk abin da Orrin ya gina, sannan aka raba su zuwa gidajen dabbobi biyu, don wulbarin in ta girma ba ta zama da uwa. Mabel ta sake haihuwa sau ɗaya. Yanzu shekararta goma sha huɗu, abin da 'yan uwanta na daji ba kasafai suke kaiwa ba. Haƙora sun dakushe, Velma na farfasa mata ƙashi da guduma kafin ta binne, amma a ɓoye, don in ta ga an taimaka mata ba ta ci.

Bara Velma ta cika saba'in da biyar, 'ya'yanta suka tambaye ta abin da take so. Ta ce a kai ta ta ga 'yar Mabel ta fari. Ba ta taɓa barin Alaska ba. Ta hau jirgi uku, Orrin na gefenta ya rufe ido yana riƙe da hannun kujera, tana ce masa ai walda ce ta riƙe fiffiken, irin tasa. A can aka karɓe ta kamar wata babbar baƙuwa. Ta shiga kicin ɗinsu ta gwada wuƙaƙe a farce, ta ce wa mai yankan nama wannan ko man shanu ba za ta yanka ba, ta zauna ta wasa masa guda huɗu. Sannan aka kai ta bakin kejin.

'Yar ta zama babba, da nata 'ya'yan biyu a baya. Ta taho ta tsaya, ta ɗaga hanci ta shaƙi iskar Velma, ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, ta tattara yaranta ta shige bayan duwatsu.

"Mil dubu uku," in ji Orrin, "don a nuna miki wutsiya."

"Ka ga cinyoyinta kuwa? Ka ga sheƙin gashin nan? Ana ba ta abinci yadda ya kamata." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Tashi mu je, na ga wani shago a bakin ƙofa. Yau kai za ka sayi burodin."